Dubiyar Hajiya Baraka

Wani mutum ne a unguwarmu ta Gangaren Ɗorawa, sunansa Haladu. Shekara talatin da biyu ya yi yana masinja a wani ofishin gwamnati, yana kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Amma in ka zauna da shi, zai rantse maka shi ya riƙe ofishin. Wai ko darakta ba ya sa hannu sai ya dubi fuskarsa tukuna. Wai ranar da ya yi ritaya mutum bakwai aka ɗauka su maye gurbinsa, har yau ba su iya ba. Ni kuwa na san Haladu tun yana yawo ba wando. Uwarsa ƙawata ce, Allah ya jiƙanta. Ita ma ta sha fama da bakinsa.

Unguwarmu tana da zaure a cikin waya, irin wanda ake kira guruf. Mai unguwa, Malam Cindo, shi ya sa aka buɗe shi. Ya damƙa shi a hannun Malama Furera mai koyarwa a firamare. Ita ce adimin, wato mai sa mutum, mai cire shi, mai goge abin da bai dace ba.

Furera ba ta da surutu. Dokarta biyu ce rak. Ba a sa mutum sai an san gidansu, kuma ba zagi. Shi ke nan. In wani ya turo shirme, irin hoton kifi mai kan mutum ko maganin da ke warkar da cuta arba'in, ba ta yi masa tsawa a gaban jama'a. Sai ta bi shi ta gefe ta ce, "Baba, don Allah a cire wannan." Ya cire, ba wanda ya ji. In mutum biyu suka kaure da cacar baki a kan kwata, sai ta bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. In ta ga abin zai kai ga ambaton iyaye, ta ce a haɗu a ƙofar mai unguwa bayan la'asar.

Guruf kuwa ya yi amfani, ba zan hana shi haƙƙinsa ba, ko da yake ni ba mai son waya ba ce. A nan ake jin haihuwa da rasuwa. A nan mai kula da burtsatse ke faɗin lokacin da zai buɗe famfo. Mu da karatunmu bai wuce na yaƙi da jahilci ba, sai mu danna mu yi magana da baki, saƙon murya ya tafi. Ana musu, ana dariya, wani lokaci a ɓata, gobe a shirya. Kowa ya san wanda yake magana da shi, ya san zai haɗu da shi a masallaci ko a gidan suna, don haka kowa na tauna maganarsa.

Haladu ne kaɗai abin bai yi wa ba.

"Wannan guruf ne ko kasuwar kaji?" Haka yake cewa a bakin shagon Mamuda tela. "Ba oda, ba tsari. Kowa ya tashi daga barci sai ya danna ya yi ta zuba. A ba ni shi kwana bakwai ku ga aiki irin na gwamnati."

Mamuda ya ce, "Ai muna jin daɗinsa a haka."

"Don ba ku san mai kyau ba ne."

Ana nan sai aka tura Furera kwas na wata biyu a wani gari da sabis ke wahala. Haladu ya yi ta sintiri a ƙofar mai unguwa, safe da yamma, har Malam Cindo ya gaji ya ce, "To, riƙe kafin ta dawo. Riƙon ƙwarya fa na ce, Haladu."

Haladu bai ji ƙwarya ba, riƙon kawai ya ji. Washegari ya fito da sabuwar hula. Wanda ya ce masa "Haladu" ba ya waiwayowa sai an ce "Adimin". Kafin azahar ya zubo dokoki goma sha tara, kowace da lambarta. Duk mai magana sai ya fara gaida Adimin. Ba a sanarwa sai Adimin ya duba ya amince. Ba a musu da Adimin. Doka ta huɗu kuwa ita ta kashe mu: an hana saƙon murya. Wai surutun tsofaffi na cika masa waya, mai magana ya rubuta.

Yaya Delu, maƙwabciyata, ba ta san an yi doka ba, don ba ta karatu ko kaɗan. Jikanyarta ta haihu, ta danna ta yi sanarwar suna da muryarta. Kafin ta sauke wayar daga baki, fit, Haladu ya goge. Ranar suna tuwo ya yi kwantai, rabin unguwa ba su ji ba.

Mamuda tela ya rubuta, "Me ya sa aka goge saƙon Yaya Delu?"

Aka cire shi.

Wani ya rubuta, "Me Mamuda ya yi?"

Aka cire shi.

Na uku bai ce komai ba, ɗan hoton fuska mai dariya kawai ya sa. Shi ma aka cire shi, wai dariya ba da izini ba.

Daga nan guruf ya yi tsit. Ko tari babu. Sai Haladu shi kaɗai, kullum da safe ya turo sanarwa mai lamba kaza, ya kawo hotonsa da sabuwar hula, ya yi wa kansa barka da aiki. Yana tafe a layi yana buga ƙirji.

"Kun ji wani ya yi zagi tun da na hau? Kun ji musu? Wannan shi ake kira zaman lafiya."

Na ce masa, "Haladu, a maƙabarta ma ba a musu."

Ya ce, "Gwaggo Tabawa, ke ba ki san harkar zamani ba."

Abin da ya tunzura jama'a shi ne ruwa. Mai kula da burtsatse ba ya rubutu. Ya yi saƙon murya cewa zai buɗe famfo da hantsi, don injin zai tafi gyara kwana uku. Haladu ya goge, bisa doka ta huɗu. Kwana uku mata na sayen ruwan 'yan garuwa suna tsine wa hula. Magana ta kai kunnen mai unguwa, ya aika a kira shi.

Malam Cindo ya ce, "Haladu, na ba ka zaure cike da mutane, ka mai da shi kango. Ranar Juma'a ta sama Furera za ta dawo. Za a taru a nan bayan la'asar. In guruf na motsi, kuma akwai masu son ka ci gaba, ka ci gaba. In babu, ka miƙa mata abinta."

"Ranka ya daɗe, masoyana sun fi a ƙirga. Kunya ce kawai ke hana su magana."

"To, su cire kunyar kafin Juma'a."

Haladu ya koma gida yana saƙe-saƙe. A ce an sauke shi, a koma kiransa Haladu tsurarsa, bayan ya riga ya gaya wa surukansa na ƙauye cewa shi ke riƙe da unguwa a tafin hannu? Gara a ce ya yi ritaya sau biyu.

Kwana biyu bayan haka sai ga baƙi biyu a guruf. Ɗaya Hajiya Baraka, ta sa hoton fure a kan lambarta. Ɗaya Injiniya Sa'adu, ya sa hoton mota. Ba wanda ya san su. Amma baki gare su, masha Allah.

Da safe Haladu zai turo sanarwa. Sai Hajiya Baraka ta rubuta, "Barka da asuba, mai girma Adimin. Na karɓi sanarwarka mai lamba ashirin da ɗaya, kuma na gamsu da abin da ke ciki."

Jim kaɗan sai Injiniya ya ce, "Na goyi bayan Hajiya. Na zaga ƙasashe goma sha ɗaya, ban ga adimin irin wannan ba."

Sai Haladu ya ce, "Haba, ku daina, kuna ba ni kunya. Baiwa ce daga Allah."

Sai Hajiya ta ce, "Ga tawali'u kuma."

Haka ake yi tun safe har yamma. Saƙo ya yi yawa, waya sai ƙara take, tin, tin, tin. Amma ka karanta ɗari ba ka tsinci abin amfani ko ɗaya ba. Ba labarin ruwa, ba na haihuwa, ba wanda ya ce a'a. Ni ina bin rubutun a hankali da yatsa, kalma kalma, abu biyu suka tsaya mini. Na ɗaya, tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin macen da ke magana kamar takardar ofis ba. Na biyu, mutum ukun nan ba sa taɓa haɗa baki. Sai ɗaya ya gama, a ɗan jira, sannan ɗaya ya fara, kamar masu cin abinci da cokali guda.

Na tare Haladu a hanyar masallaci.

"Kai, wace ce Hajiya Baraka? 'Yar gidan wa ce?"

"Sabuwar zuwa ce, Gwaggo. Babbar mace. Shekararta tara a Saudiyya."

"A ina ta sauka?"

"Can bayan gidan mai, wajen sababbin gine-gine."

"Mijinta fa?"

"Ya rasu. Ita kaɗai ce, ba ta da kowa a garin nan. Ba ta son hayaniya, shi ya sa tsarina ya burge ta."

Na ce, "Allah sarki." Na wuce.

Ranar Laraba mai unguwa ya sa aka yi shela cewa ranar Juma'a ba za a yi zaɓe ta waya ba. Duk mai son Haladu ya zo da ƙafarsa ya ɗaga hannu a gan shi. Ba a yi minti goma ba Injiniya ya rubuto cewa an kira shi aikin gaggawa a Fatakwal, yanzu haka yana cikin mota, amma a ƙirga hannunsa. Bayansa sai Hajiya Baraka. Ta ce zazzaɓi ya kwantar da ita, maƙogwaronta ya kumbura ko magana ba ta iyawa, ba za ta samu fitowa ba, amma a rubuta tana bayan Adimin ɗari bisa ɗari.

A nan Haladu ya yi kuskuren da mace ba za ta taɓa yi ba. Da ya sa Hajiyar a mota kamar Injiniya, da an yi mata fatan sauka lafiya an manta da ita. Tafiya addu'a ake yi mata. Ciwo kuwa zuwa ake yi. A unguwarmu mace ba ta kwana biyu a kwance ba a je dubiya ba, balle baƙuwa, balle wadda aka ce ba miji ba dangi. Shi namiji ne, yana ganin in an ce ba lafiya an rufe ƙofa ke nan. Bai san buɗe ta ya yi ba.

Ba zan ɓoye ba, ina da zargi a raina. Amma na ce in da gaske akwai baiwar Allah kwance ba mai miƙa mata ruwa, alhakin yana wuyanmu. In kuma babu, to tafiyar ba za ta tashi a banza ba. Na bi gida gida da bakina, tunda an hana mu murya a waya.

Ranar Alhamis da hantsi mu goma sha huɗu muka tsaya a ƙofar Haladu. Da kular kunun tsamiya, da langar farfesun kaza cike taf, da lemo, da zuma. Yaya Delu kuwa ta kwana da jiƙon maɗaci, ta cika gora da shi, don ta ce ba zazzaɓin da ke jure masa. Muka yi sallama. Matarsa Lantana ta leƙo, ta ji abin da ya kawo mu, wuf ta koma ta ɗauko mayafi.

Ta ce, "Da ni za a je. Mako guda ke nan ana ce mini in yi koyi da Hajiya Baraka wajen ladabi. Ina so in ga yadda take yi."

Haladu ya fito yana sakace, babbar riga har ƙasa. Ya gan mu, tsinken ya faɗi.

"Lafiya, Gwaggo?"

"Lafiya lau. Dubiya za mu. Kai ka san gidan, shige gaba."

"Wace dubiya?"

"Ta baƙuwarka."

"Ai Hajiya ba ta son a dame ta. Mutanen Saudiyya ba sa irin wannan."

"Yanzu a Gangaren Ɗorawa take. Shige mu je, kunu na hucewa."

Haka ya shige gaba, mu goma sha biyar a bayansa kamar rakiyar amarya. Rana ta fara dukan ƙeya. Muka wuce gidan mai, muka shiga sababbin gine-gine. Ya yi dama, muka yi dama. Ya yi hagu, muka yi hagu.

Delu ta ce, "Wannan ne?"

"A'a, nata mai koren ƙofa ne."

Muka ci gaba, sai ga koren ƙofa.

"To, ga shi."

"Wannan koren ya yi duhu. Nata mai haske ne."

Can sai ya tsaya ya ce a yi masa haƙuri zai kama ruwa. Ya zaga bayan wani kango. Bai daɗe da ɓacewa ba wayoyinmu suka yi tin. Lantana, da yake ta fi mu saurin karatu, ta karanta mana: "Na samu labarin zuwanku, na gode. Kada ku wahalar da kanku, na samu sauƙi."

Haladu ya dawo yana murmushi. "Kun gani ko? Sai mu juya."

Na ce, "Mai sauƙi ai ya fi jin daɗin farfesu. Mu je."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Muka sake zaga wani layi, muka fito inda muka shiga. Wani mai wankin mota da muka wuce sau biyu ya fara yi mana sannu da zuwa. Haladu ya ce wannan karon cikinsa ne ya murɗa. Ya zaga bayan wata katanga. Tin.

Lantana ta karanta: "Ciwon ya tashi, yanzu aka kai ni asibiti."

Mata suka yi salati. Haladu ya fito yana girgiza kai. "Allah sarki Hajiya. To, sai a koma gida a yi mata addu'a."

"Wane asibitin?"

"Ba ta faɗa ba."

"Asibiti nawa ne a garin? Uku ne. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

Zufa ta fara tsattsafo masa ta ƙarƙashin hula. Ba mu yi taku hamsin ba ya ce zai sake zagawa. Ya tafi. Tin. Wannan karon wai likita ya hana kowa ganinta, ko ƙuda ba a bari ya shiga.

Na matsa kusa da Delu na rage murya. "Yaya Delu, kin lura? Hajiya ba ta magana sai Haladu ya tsuguna."

Delu ta ce, "Na lura. Ko tsugunonsa ne ke jawo mata sabis."

Da ya dawo na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Haladu, ba ka ji kunya ba? Ƙato da kai kana tafe hannu sake, iyayenka na ɗauke da kaya a rana. Karɓi nan."

Na ɗora masa kular kunu a hannun dama. Delu ta ɗora masa langar farfesu a tafin hagu, ga ta cike, murfin na rawa, in ya karkata kaɗan romo ya bi masa hannun riga. Ya tsaya ƙiƙam kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Na ce, "Tunda ba a ganinta, sai mu bi ta ƙofar mai unguwa mu shaida masa. Baƙuwa a asibiti, ba dangi, ai dole ya sani."

"Gwaggo, bari in ɗan zaga tukuna."

"Sau huɗu? Riƙe shi. In kuma ciwon suga ne, sai a ba ka gado kusa da ita."

Muka kamo hanya. Ni a damansa, Delu a hagunsa. Tun daga sababbin gine-gine har cikin unguwa, Hajiya Baraka ba ta ƙara cewa uffan ba. Waya ta yi ɗif.

Muka tarar da Malam Cindo a ƙofar gida kan tabarma, da dattawa huɗu, da Mamuda tela ya kawo masa ɗinki. Muka durƙusa muka gaisa. Haladu na tsaye, ba halin durƙuso. Ya yunƙura zai ajiye langa, na ce, "Kul. Ba a ajiye abincin mara lafiya a ƙasa." Na zayyana wa mai unguwa duk abin da ya faru, tun daga koren ƙofa har likita.

Malam Cindo ya shafa gemu. Ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. Lambarta na cikin guruf. A kira, ko mai jinya ya ɗauka ya gaya mana inda take."

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a kiran mara lafiya. Doka ce ta asibiti."

"Dokarka ce ko tasu? Lantana, kira ta."

Lantana ta danna. Sai muka ji ƙirrr, ƙirrr, daga cikin babbar rigar Haladu, wajen cinyar hagu.

Haladu ya kama tari. Ya yi tari, ya yi gyaran murya, ya fara wani waƙe-waƙe a hanci. Wayar ba ta fasa ba. Ƙirrr.

Mai unguwa ya ce, "Haladu, aljihunka na kuka."

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Daga ofis ne, har yanzu ba sa iya komai sai da ni."

Lantana ta ce, "Taka ga ta nan a aljihun gaba, Malam, tana barci."

Ta miƙe, ta zura hannu a aljihun gefe, ta zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, an ɗaure ta da roba. Ta juya ta, ta sake juyawa. Ta ce, "Wannan ai tawa ce. Wadda ka ce ta faɗa rijiya."

Mamuda tela ya ajiye ɗinkin da ke hannunsa a hankali. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda abin ya zo da haka, ya kamata a sanar da Injiniya. Abokiyar shawararsa ce."

"Gaskiya ne. Lantana, kira shi."

Ta danna. Wannan karon cinyar dama ce ta amsa, da kiɗan kalangu.

Mamuda ya ce, "Ikon Allah. Fatakwal ta matso kusa."

Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Mata kuwa mayafi suka cusa a baki. Haladu na tsaye, kunu a dama, farfesu a hagu, kalangu na tashi a cinyarsa.

Ya ce, "Ajiya suka ba ni. Wallahi ajiya ce. Hajiya ta ba ni tata kafin a kai ta asibiti."

Na ce, "To da me ta rubuto mana likita ya hana ganinta?"

Ya dubi sama, ba abin da ya faɗo.

Malam Cindo ya ce, "Ba sai mun jira Juma'a ba. A karɓi kayan hannunsa. Haladu, zauna nan ka mai da duk wanda ka cire, ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. Dokokinka goma sha tara ka tafi da su gida. Gobe Furera na sauka ka miƙa mata abinta. Baƙin nan biyu kuma a sallame su, tunda ba a san gidansu ba."

Mamuda ya ce, "An sani yanzu, ranka ya daɗe. Ɗaki ɗaya suke kwana."

Haladu ya zauna a gefen tabarma, ya mai da kowa. Yana gamawa ya lallaɓa zai miƙe.

Na ce, "Ina za ka? Mu dubiya muka fito. Ba a fita dubiya a koma da kaya, ba a kuma komawa ba a ga mai jiki ba. Ga shi Allah ya nuna mana ita. Zauna."

Aka jingina shi da bango. Wata ta sa masa filo a baya. Mata suka yi layi kamar yadda aka saba, ni a gaba. Na fara durƙusawa.

"Sannu, Hajiya. Ya jiki?"

Ya dubi mai unguwa. Mai unguwa ya ce, "Ana gaishe ka, ka amsa."

Da wata 'yar murya ya ce, "Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ya maƙogwaron?"

"Da sauƙi."

Haka mata goma sha huɗu suka bi, kowace da tata sannun, yana amsawa. Lantana ce ta ƙarshe. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu, Hajiya. Na zo koyon ladabi."

Sannan Yaya Delu ta kwance bakin gorarta. Ta cika kofin silba da jiƙon maɗaci, baƙi ƙirin, warinsa kaɗai ya sa dattawa suka ja da baya.

Haladu ya ce, "Yaya Delu, na warke. Wallahi na warke sarai."

"Haka masu zazzaɓi ke cewa. Shanye."

Ya rufe ido ya kafa kai. Ƙwat, ƙwat, ƙwat. Ya sauke kofin, fuska ta tattare wuri guda, hawaye na bin kumatu, hular ta karkace. Ya miƙa mata kofin yana numfashi sama sama.

Delu ta karɓa, ta sake cika shi har baki, ta miƙa masa.

"Wannan kuma na mene ne?"

Ta ce, "Na Injiniya ne. Ya sha hanya."